Gawon Gonar Kaka

Injin yankan itace ya riga ya ci rabin gindin gawon lokacin da tsohuwar ta iso gonarta da ke bayan garin Gwiwa, tana haki.

"A kashe injin nan!"

Jikanta, wanda ya tashi a Kano kuma ya karanto ilimin gandun daji a Rasha, shi ne ya sa a sare gawon. Ya buɗe mata littafinsa mai sunayen itatuwa da Turanci da Rashanci.

"Kaka, ai ya mutu. Tsakiyar damina ake, ba ganye ko ɗaya a jikinsa."

"Kai ɗan boko, gawo da damina yake kaɗe ganye. Da rani shi ke ciyar da awakina."

Ya bi littafin shafi-shafi. Babu gawo a ciki.

A bayansu, itacen ya fara karkata.