Hannun Tsohon Gwamna

Tun da aka kafa dokar cewa duk jagoran da ya ɗaga hannun ɗan takarar majalisa sai ya zauna a mazaɓar har wa'adi ya ƙare, tsohon gwamna Alhaji Hashimu ya tare a Rafin Ɗinya, katanga ɗaya da Inna Tasalla mai waina. Shekara huɗu ke nan famfon garin bai taɓa ƙafewa ba, asibiti ma kullum da likita.

Yau da safe ta kai masa waina da kanta.

"Ranka ya daɗe, zaɓe ya ƙarato. Hannun wa za ka ɗaga mana bana? Mu dai inda ka nuna, nan za mu dangwala."

"Inna, ku duba aikin mutum ku zaɓa. Ai yanzu kun waye."

"Mun waye kam, amma ruwan famfo ya fi wayewa daɗi."

Suka yi dariya tare, ta miƙe ranta fes. Da ta kai bakin ƙofa ta waiwayo, ta ɗaga masa hannu. Shi kuwa da ka ya amsa, hannayensa duka biyu suna cikin aljihu.