Bangon Ɗakin Tsohuwa

Ka ce an yi maka allura biyu lokacin annoba, don haka ta ukun nan da ake kiran ɗalibai asibitin jami'a su karɓa ba ka ga amfaninta ba. Ba kai kaɗai ba ne. Jiya na bi ta wurin, na tarar da ma'aikaciyar zaune tana korar ƙuda. Zauna ka ji, ɗana.

An yi wani manomi a garinmu. Shekarar da ruwa ya rushe rabin unguwa, tsoro ya kama kowa, shi ma ya tashi haiƙan. Ya kwaɓa ƙasa da makuba ya yaɓe gidansa ciki da waje, musamman ɗakin mahaifiyarsa, tsohuwar da ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Gidan kuwa ya tsaya. To, yaɓe ba a yin sa sau ɗaya, kowace bazara sai maƙwabta sun sake bin nasu. Gogan naka ya ce shi ya gama, bangon da wancan ruwan bai ci ba, yayyafi ne zai ci shi? Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa. Rana ta cinye makubar, bango ya yi tsaga siririya kamar zare. Tsohuwa ta gaya masa tana jin motsin ƙadangaru a bayan gadonta. Ya yi dariya, ya ce a bari a gama shuka.

Ran da abin ya faru ba wani ruwan kirki aka yi ba, ɗan na la'asar ne. Ashe kwana da kwanaki danshi yana bin tsagar nan yana jiƙa cikin bangon. Yana gona aka je aka kira shi. Da hannunsa ya tone ƙasar bangon da ta rufto ta danne tsohuwar, ƙasar da ya ƙi taɓawa shekara uku. Har yau in na tuna fuskarsa a maƙabarta sai raina ya ɓaci, don shi ko ƙwarzane bai yi ba.

Kai ma hutu ya kusa, gida za ka, kuma da bakinka ka gaya mini kakarka na fama da ciwon ƙirji. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.