Goyon Baba

Ban cika shekara huɗu ba sa'ad da aka haifi ƙannena tagwaye. Bakwaini ne, aka sa su a kwalba a asibiti. Inna tana can wurinsu, aka bar ni da Baba a gidanmu na Minanata.

Wata la'asar na kafa kuka, Inna kawai nake so. Baba ya dama mini fura, na ture. Da rarrashi ya ƙi ci, sai ya ciro zanen Inna daga kan igiya, ya ɗora ni a bayansa, ya ƙulle a ciki kamar tazugen wando. Zanen yana ƙanshin turaren wutarta, sai na lafa.

Shi kuwa ya kasa zama. Ya je zaure, ya dawo bakin rijiya, ya duba waya, ya mayar aljihu, ya sake cirowa. Ina zamewa yana tallabo ni da hannu ɗaya.

Gwaggo maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, "Malam, namiji da goyo? Kawo ɗiyag ga in riƙa ma."

"Bar ta, Gwaggo," in ji Baba. "In na aje ta, ban san mi za ni yi da kaina ba."

Tagwayen sun rayu, yau har sun fi ni tsawo. Suna yi mini gorin sun ƙwace mini bayan Inna. Duk gidanmu ni kaɗai Baba ya taɓa goyawa, ni kaɗai kuma na ji yadda bayansa ke rawa.