Mai Karɓar Gawar Inna

Tun da hukuma ta fara feshin haɗin sinadaran aidin da kulorin don kashe annoba, jan hayaƙinsa mai nauyi yake kwanciya a kowane rami. Aka hana kowa shiga kabari, sai na'ura ke sauke gawa.

Ranar jana'izar mahaifiyarsa, Barau ya naɗe ƙafar wando. Baba Inuwa, mai gadin maƙabarta, ya riƙe masa hannu.

"Ɗana, ko ƙadangare ya faɗa ciki ba ya fitowa."

"Baba, na'urar ta san gabas? Jiya rub da ciki ta kwantar da gawar Malam Jatau."

"Huhunka fa?"

"Ba na'ura ce ta goya ni ba."

Barau ya sauka, hayaƙin ya rufe gwiwoyinsa. Ya ɗaga hannu biyu.

"Ku miƙo min Inna."