Rula a Bakin Mudu

Ƙarfe uku daidai, a kasuwar Kafanchan, Mama ta bar mini tsaron buhun accarta. Sai ga tsohuwar da ta saba saye wurinmu, ta tako tun daga Kagoro. Na cika mudu ya yi tozo, na zaro rulata ta makaranta na share tozon tas, yadda aka koya mana awo a aji. Tsohuwa ta dubi rular, ta juye accar cikin buhu, ta wuce.

Har yau ina jin kunyar kallon nan.

Da Mama ta dawo na ce, "Ba daidai na auna ba?"

Ta ce, "Daidai ne, 'yata. Amma abin da kika share ɗin, shi ke kawo ta daga Kagoro."