Digirin Wasan Ƙasa

Tun ranar da ɗan maƙwabcinsa ya fara shiga jar bas ɗin nan ta makarantar masu hannu da shuni, Tofazzal mai shagon siliki ya daina barci mai daɗi. Shi ma fa yana da ɗa, Rumman, ɗan shekara uku da 'yan watanni, kuma a ganinsa duk birnin Rajshahi ba a haifi mai kai irinsa ba. To, makarantar ba ta ɗaukar yaro sai ta yi masa intabiyu, ko da bai gama barin fitsarin kwance ba.

Rumman kuwa aku ne. In ya samu taɓo a bayan gida, sai ya gina shanu, ya raɗa musu suna, ya yi ta ba su labari har a kira Magariba.

A gidan akwai Shiuli, ƙanwar Tofazzal, mai kiransa Bhaiya, wato Yaya, wadda ke karanta ilimin renon ƙananan yara a jami'a. Ita ce abin tsokanar gidan, don 'ya'yan wasu na dawowa da manyan littattafai, ita kuwa sai ka gan ta da kwalaye da marafan kwalba.

"Ga Farfesar wasan ƙasa ta dawo!" in ji Tofazzal, yana cuɗa shinkafa da miyar kifi. "Yau me aka koya muku, share majina?"

"Wannan mun gama shi tun bara, Bhaiya. Yau kan iyaye masu taurin kai muka yi. Na ce musu ina da samfuri a gida."

Dariya har kakar yaron sai da ta ƙware da shayi.

Amma da Tofazzal ya tattara kayan wasan Rumman a buhu, ya ɗora a saman kabad, ya kawo malamin lesin, Shiuli ta daina raha. Ta ce masa, "Bhaiya, yaro a wannan shekarun da hannunsa yake karatu. Wasan nan shi ne makarantarsa. In ka matsa masa, za ka yi ɓarna."

Ya ce, "Ki haifi naki, ki ba shi taɓo ya ci."

Daga nan fa sai hadda safe da yamma: manyan biranen duniya, sunayen 'ya'yan itace da Turanci, ƙirga har ɗari. In Rumman ya miƙa hannu wajen ƙasa, sai uban ya ɗan tsula masa matajin kai a yatsu. Ba mugunta ba ce, wallahi son ɗansa yake yi. Rashin sani ne, wanda aka ce ya fi dare duhu.

Ranar intabiyu aka sa wa yaro lakataye, aka kwantar da sumarsa da man kwakwa, kakarsa ta ɗiga masa kwalli a gefen goshi saboda bakin mutane. Suna shiga, malamar ta zauna a tabarma, ta zube 'yan katakai da yumɓu, ta ce, "Zo mu gina gida."

Rumman ya kalli yumɓun, ya kalli ubansa, ya ɓoye hannayensa a baya.

Malamar ta yi murmushi. "To, yaya sunanka?"

"Tokyo!" in ji Rumman da iyakar ƙarfinsa.

Ta sake tambaya a hankali. Sai yaron ya fashe da kuka, ya jiƙa sabon wando. Ba a ɗauke shi ba.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Tun daga ranar aku ya yi shiru. Ba labari, ba waƙa, in an yi masa magana sai ya gyaɗa kai. Da ya ji ƙarar babur ɗin ubansa, sai ya shige ƙarƙashin gado. Wannan shi ne ya karya wa Tofazzal zuciya, ya rasa inda zai sa kansa.

Ya sami ƙanwarsa a tsakar gida, murya ƙasa-ƙasa. "Shiuli, a cikin karatun nan naku, akwai maganin wannan?"

"Akwai, amma ɗalibin kai ne. Ka sauko da buhun nan. In an yi La'asar ka rufe shago ka same mu a bakin kogi. Sharaɗi ɗaya: kada ka yi masa tambaya ko guda."

Haka kuwa aka yi. Kullum yamma sai a ga babban ɗan kasuwa zaune dirshan a taɓon bakin kogin Padma yana murza yumɓu, masunta na wucewa suna gaishe shi da dariya. Rumman na gefe yana kallo, hannu a baya. Aka daɗe a haka.

Wata yamma yaron ya matso, ya ce a hankali, "Abbu, in na taɓa ba za ka buge ni ba?"

Sai hawaye suka zubo wa Tofazzal. Ya kamo 'yan yatsun ya cusa su cikin taɓon da nasa hannun.

Rumman ya duba abin da uban ya gina. "Mene ne wannan?"

"Kwalekwale."

"Ƙarya ne, Abbu, wannan dankali ne!"

Shiuli ta tafa. "Ka faɗi jarrabawa, Bhaiya. Gobe ka zo da wuri."

Jar bas dai har yanzu tana wucewa ta ƙofar gidansu ba ta tsayawa. Tofazzal ko ɗaga kai ba ya yi, don shanun taɓo sun cika masa baranda, kuma dole ya haddace sunan kowace.

Iyaye, wasa shi ne karatun farko na yaro, wanda ya ƙwace masa shi don gaggawa zai iya ƙwace masa har baki. Kuma kada mu raina masu karatun renon yara, domin icen da za a sha inuwarsa, tun yana tsiro ake sanin yadda za a ba shi ruwa.