Kujerar Abdurrahamane

"An kori Abdurrahamane!" Mutari ya gaya wa matarsa, baki har kunne.

Tare suka yi lakwal, wato makarantar boko, da Abdurrahamane, amma shi aka naɗa mai gabatar da ƙara a Tasawa, Mutari mataimaki. Abdurrahamane ke da mota, shi ake durƙusa wa. A shekarar fari, Mutari ya raɗa wa Kwamandan sojin garin cewa Abdurrahamane yana ɓoye ɓarawon hatsin agajin Korgom.

Washegarin korar, Mutari ya hau kujerar. Kwamandan ya ce, "Mun kamo ɓarawon. Kai dai na san ba ka ragawa. Ku shigo da shi!"

Soji suka turo wani dattijo da ankwa.

"Baba?!"

"Mutari, ina abokinka? Ya ce saboda kai zai rufa mini asiri."